Zango A Birnin Kano: Abin Da Mutumin Ƙaraye Da Rogo Zai Gani, Ya Kalla, Ya Ci

Babu ranar Allah da motoci ba sa tashi daga Rogo da Ƙaraye su nufi birnin Kano. A cikinsu akwai mai kai marar lafiya asibiti, da akawun da aka aika da takardu sakatariya, da malamin makaranta mai bin haƙƙinsa, da ɗan kasuwa mai zuwa sari Kantin Kwari. Akwai kuma wanda Kano zango ce kurum a gare shi, zai sake mota ya zarce Haɗeja ko Daura ko Maiduguri. Yawancinsu da sun gama abin da ya kawo su sai su yi ta Allah-Allah su koma tasha kafin la'asar. Ta haka za ka sami mutum ya shekara ashirin yana shiga Kano, ya san kuɗin kowace atamfa, amma bai taɓa hawa Dala ba, bai kuwa san ƙofar da Turawa suka shigo birnin ta cikinta ba, alhali kullum ta nan motarsa ke wucewa.

Mutanen Amurka suna da wata al'ada wadda ta isa a duba. In iyali suka ɗauki mota za su ratsa ƙasarsu, wadda ke da faɗin gaske, sukan yanka tafiyar zango-zango. In sun iso wani babban birni, kamar Shikago ko Bostan, sukan ware yini ɗaya ko biyu domin abu uku: su ga wuraren tarihin garin, su je kallon wasan da su ke kira besbol, sa'an nan su ci abincin da aka san garin da shi. To, jama'a, duk abubuwan nan uku akwai irinsu a Kano, wajen tarihi ma namu ya girmi nasu nesa ba kusa ba. Abin da ya rage shi ne matafiyi ya san inda zai nufa. Malaman makaranta da akawuna mu ke yi wa wannan bayani musamman, gama su ne jama'a ke tambaya, su ne kuma za su iya kai yara su gani da idonsu.

ABIN KALLO TUN DAGA GIDA

Kafin mutum ya bar ƙasar Ƙaraye akwai abin da ya kamata ya tsaya ya duba, watau madatsar ruwa ta Challawa. Kamfanin Julius Berger ya gina ta daga 1990 zuwa 1992, a wajen kilomita 90 kudu maso yamma da birnin Kano. Tsayinta sama mita 42 ne, tsawon bangonta kuwa ya kusa kilomita 8. Ruwan da ta ke tarewa shi ne ke gangarawa ya haɗu da Kogin Kano, su zama Kogin Haɗeja. Yaron da ya ga wannan ruwa a garinsu, sa'an nan aka gaya masa har Haɗeja a ke shan sa, ya sami darasin labarin ƙasa wanda allo da alli ba za su ba shi ba.

Wajen sarauta kuma, a 2019 gwamnatin Jihar Kano ta kafa masarautar Ƙaraye, aka rushe ta a 2024, kana a cikin shekarar aka sake kafa ta da daraja ta biyu, ta ƙunshi Ƙaraye da Rogo. Amma dangantakar ƙasashen nan da birni ta daɗe ƙwarai. A zamanin En'e can a ke kai haraji da jangali, can a ke ɗaukaka ƙara, can kuma hakimai ke zuwa da dawakansu hawan Salla. Saboda haka tarihin birni tarihin mutumin Rogo ne, ba na Kanawan cikin ganuwa kaɗai ba.

Wanda ya biyo hanyar Gwarzo zai wuce Rimin Gado da Janguza, ya ga sabon mazaunin Jami'ar Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, sa'an nan ya iso Kabuga. A nan ya kamata ya ce wa direba ya sassauta. Ta Ƙofar Kabuga sojan Turawan Ingila, ƙarƙashin Kanar Morland, suka shiga Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Daga wannan rana ne al'amuran mulki da haraji da karatu suka ɗauki wata hanya dabam a ƙasar Kano duka.

DALA DA GANUWA

Wurin da ya fi kyau a fara shi ne Dutsen Dala, da sassafe kafin rana ta yi zafi. An yi masa matakala, saboda haka dattijo ma zai iya hawa in ya bi a hankali. Daga bisa mutum zai hangi birni shimfiɗe a ƙarƙashinsa, da hasumiyoyin Babban Masallaci, da Gwauron Dutse can yamma. Masu binciken kayan tarihi sun sami alamar an narka tama a wannan wuri tun wajen ƙarni na 7. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara da Turanci a 1908, shi ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura a gindin dutsen nan, ya kuma nuna Bagauda ya zama sarki a shekara ta 999.

Ganuwa kuwa Sarki Gijimasu ne ya fara ta, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, sarakunan bayansa suka yi ta faɗaɗa ta yayin da gari ke ƙaruwa. Da jar ƙasa aka gina ta, da hannu, ba inji ba siminti. A cikinta an bar fili na noma da kiwo, domin in abokan gaba sun kewaye gari kada yunwa ta ci mutane. Ƙofofinta har yanzu da sunayensu a ke kwatance: Ƙofar Nasarawa, Ƙofar Mata, Ƙofar Wambai, Ƙofar Mazugal, Ƙofar Ruwa, Ƙofar Waika, Ƙofar Kansakali, Ƙofar Dukawuya, Ƙofar Gadon Ƙaya, Ƙofar Na'isa, Ƙofar Ɗan'agundi, da sauransu. Malamin da ya sa yara su haddace su, sa'an nan ya kai su suka ga uku ko huɗu, ya yi aikin da ba za su manta ba.

AYYUKAN SARKI RUMFA

In an sauko daga Dala sai a gangara Kasuwar Kurmi, a bakin Jakara. Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, a zamaninsa ne kuma Shehu Magili ya zo Kano. Ayarin raƙuma daga Turabulus da Gadamas da Agadas a nan su ke sauke gishiri da takarda da alharini, su ɗauki fata da baƙin zane. Baturen Ingila Clapperton ya shiga kasuwar a 1824. Dokta Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazaunan birnin sun kai 30,000, ya kuma ba da labarin cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tumbuktu. Yau manyan harkokin ciniki sun koma Kantin Kwari da Sabon Gari da Dawanau, amma a Kurmi har yanzu za ka sami dukawa da maƙera, da masu sayar da kayan doki, da littattafan addini, da turare, da magungunan gargajiya. Lungunanta matsattsu ne, gwamma baƙo ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora.

Daga nan sai Gidan Rumfa, watau fadar Sarkin Kano. Mutum zai tsaya a filin Ƙofar Kudu ya ga girman ginin. Shiga ciki sai da izini. Kusa da shi ga Babban Masallaci, wanda aka sake gina shi a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, mai sarauta daga 1926 zuwa 1953. A filin nan ne a ke yin jafi lokacin hawan Salla, al'adar da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya abin adanawa a watan Disamba 2024.

Ƙetaren fili kuma ga Gidan Makama, wanda aka mai da shi gidan adana kayan tarihi. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da sulke da kwalkwali da lifidi, da kayan sana'o'i, da hotunan sarakuna da na zamanin Turawa. Ginin kansa abin kallo ne. Sai mutum ya ɗaga kai ya dubi daurin guga da azara, ya ga yadda maginan da suka rufe ɗaki mai faɗi ba ƙarfe ko ɗaya, ya kuma ji sanyin ɗakin ko da tsakar rana.

MARINA DA GIDAN ƊAN HAUSA

A Ƙofar Mata a ke samun marinar da aka ce tun 1498 a ke rini a cikinta. Aikin yana da ban sha'awa ga mai koyar da kimiyya. Akan zuba ruwa a rijiyar rini, a sa baba da toka da katsi, a bar su kwanaki suna tsima ana motsawa. In ruwan ya nuna, sai marini ya tsoma zane, ya fito da shi ya sha iska, ya sake tsomawa. Lokacin da ya fito daga ruwa launinsa kore-kore ne, iska ce ke mai da shi shuɗi a gaban idonka, kuma yawan tsomawa shi ke sa ya yi duhu. Bayan ya bushe sai a kai wa mabuga, su ɗora a kan gungume su yi ta bugu har ya yi ƙyalli. Rijiyoyi da yawa yanzu sun cike da shara, domin atamfar kanti da rinin bature sun kashe wa masu sana'ar kasuwa.

Malamin makaranta kuwa bai kamata ya bar Kano bai je Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa ba. Nan ne mazaunin Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, shi ne ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa, a Nasarawa, cikin 1909. Aikin da kowane malami ke yi yau a Rogo ko Ƙaraye daga nan ya samo tushe. Sauran abubuwan zamani sun biyo baya da sauri: jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, jirgin sama ya fara sauka a 1925, cinikin gyaɗa ya haɓaka har aka riƙa tara buhuna a yi dala da su. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, yana cikin manyan masu wannan ciniki. Dalar gyaɗa dai ta wuce, sai a hoto.

MENE NE BESBOL?

Da ya ke mun ambaci wasan Amurkawa, bari mu bayyana shi, domin yara kan gan shi a talabijin su yi tambaya. Za mu iya kiransa ƙwallon kulki. Ƙungiya biyu ke yin sa, kowace da mutum tara. A fili akwai matsaya huɗu a kusurwoyi huɗu, tsakanin kowace da 'yar'uwarta ƙafa 90, ɗayansu ita a ke kira gida. Mai jifa yana tsaye a tsakiya, ya wurgo wata 'yar ƙwallo mai tauri, ɗan ɗaya ƙungiyar kuma yana tsaye a gida da kulki zai make ta. In ya kuskure sau uku, ya fita. In ya same ta, sai ya yar da kulki ya sheƙa zuwa matsaya ta farko kafin abokan hamayya su tsinto ƙwallon su riga shi kai ta can. In sun cafe ta a sama kafin ta taɓa ƙasa, nan ma ya fita. Wanda ya zaga matsayan duka ya komo gida ya ci ɗaya. In an fitar da mutum uku sai a juya, masu jifa su koma bugu. Zagaye tara a ke yi. Wanda ya yi langa yana yaro, ya san daɗin isa wurin sha ba a kā da shi ba, zai gane abin da ke sa 'yan kallo ihu.

Wasan ya daɗe a can. An kafa babbar ƙungiyarsu ta farko wadda ta ɗore a 1876, aka fara gasar zakarun ƙarshen shekara a 1903, watau shekarar da Turawa suka ci Kano. Filin wasan Bostan tun 1912 a ke amfani da shi, na Wrigley a Shikago tun 1914, mutane kuwa kan je kallon filayen kansu kamar yadda a ke zuwa gidan tarihi. Shekaru da dama an hana baƙar fata shiga manyan ƙungiyoyi, sai a 1947 Jackie Robinson ya karya wannan shinge a ƙungiyar Brooklyn Dodgers. A Nijeriya wasan bai yaɗu ba, ko da ya ke an buga shi a gasar wasannin Afirka da aka yi a Abuja a 2003. Wani abin dariya kuma, gyaɗa soyayya tana cikin abin da 'yan kallonsu suka fi saye a filin wasa.

NAMU WASANNIN

A Kano abin da ke tara jama'a haka shi ne ƙwallon ƙafa. Ƙungiyar Kano Pillars, wadda magoya bayanta ke yi wa kirari da Masu Gida, an kafa ta a 1990. Ta ci kofin ƙasa a 2008, ta kuma ci sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ahmed Musa, wanda ya zama kyaftin ɗin Nijeriya, ya yi mata wasa kafin ya tafi Turai. Filin wasa na Sani Abacha yana Ƙofar Mata, kusa da marina, an kuwa buga waɗansu wasannin kofin Afirka na 2000 da na kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 na 2009 a cikinsa. Mai son kallo ya tambayi ranar wasa tun daga gida, ya shiga da wuri, ya kula da aljihunsa, in kuma da yara ya ke, ya fita kafin turereniyar tashi.

Wanda ya fi son na gargajiya sai ya nufi gidan dambe na dandalin Ado Bayero a Sabon Gari, da yamma. Asalin dambe wasan mahauta ne, suna yawo da shi gari-gari da kaka in an gama girbi. Ɗan dambe yakan naɗe hannu ɗaya da ƙyalle da kara, da shi ya ke kai naushi, ɗayan kuwa a buɗe ya ke, shi ne garkuwarsa. Akan yi turmi uku. Wanda aka kai ƙasa an kashe shi ke nan, in ba a yi kisa ba sai a raba su. 'Yan damben sun kasu ɓangare-ɓangare, akwai Kudu, da Arewa, da Guramada. Makaɗa suna gefe suna zuga su, kowa da takensa, kamar yadda Ɗan Anace ya shahara da yi wa Shago waƙa.

ABINCIN BIRNI

Mutumin Ƙaraye ba baƙon tuwon dawa da miyar kuka ba ne, ba kuwa za a koya wa mutumin Rogo shan fura da nono ba. Abin da ya kamata ya nema a birni shi ne abincin alkama, wanda cuɗanya da Larabawan fatauci ta yaɗa a cikin gari. Na farko gurasa. Akan kwaɓa gari da yisti da ɗan gishiri, a bari ya tashi, a manna a jikin tanderu mai zafi har ta gasu. Unguwar Jakara ta yi suna wajen yin ta. In aka yayyafa mata ruwa, aka barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, aka zuba man gyaɗa, aka yanka albasa da tumatir, ita a ke kira bandashe. Da tsire ko balangu a gefe, ta isa abincin rana. Akwai kuma alkubus da funkaso, waɗanda a ke ci da miyar taushe, da alkaki na kayan buki.

Da safe akwai koko da ƙosai, da waina, da ɗanwake mai mai da yaji. Tsarabar komawa gida kuwa kilishi ne, unguwar Agadasawa ce ta yi fice a kansa. Akan yanyana nama siriri kamar takarda, a shanya ya bushe, a tsoma shi cikin kwaɓin tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, kana a ɗan gasa. Abin da ya sa ya ke daɗewa bai lalace ba shi ne an raba shi da ruwa, shi ya sa tun da fatake ke yin guzuri da shi. Shawara ɗaya ga baƙo: ya ci a inda ya ga 'yan gari sun yi layi, ya zaɓi abin da aka sauke daga wuta a gabansa, ya kuma lura da ruwan da zai sha.

ABIN DA KE KANMU

Dalilin da ya sa mu ke gaggauta wannan magana shi ne abubuwan nan ba jiranmu su ke yi ba. Tun 2007 aka sa ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta karɓa, amma a wurare da yawa ruwan sama ya zaizaye ta, masu ɗiban ƙasa sun ci gindinta, an kuma yi gine-gine a kanta. Ƙofofi da dama an rushe na asali an sake su da siminti domin a faɗaɗa titi. Marina tana raguwa, domin 'ya'yan masu sana'ar suna neman abin da ya fi kawo kuɗi. Abin da yaro bai gani ba, ba zai ji zafin ɓacewarsa ba in ya girma ya zama kansila ko injiniya ko mai ba da izinin gini.

Saboda haka muna roƙon shugabannin makarantun Ƙaraye da Rogo su riƙa shirya wa 'yan manyan azuzuwa ziyara ko da sau ɗaya a shekara, da hunturu bayan an kai amfanin gona gida. A nemi yardar iyaye da ta ofishin ilmi, a rubuta wa Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa takarda tun da wuri, a tashi bayan sallar asuba. Kowane yaro ya riƙe littafi da fensir, a ba shi tambaya uku da zai nemo amsarsu, in an komo ya rubuta abin da ya gani ya karanta wa 'yan ajinsu. Akawuna kuma, in aiki ya kai ku birni kun gama da azahar, Gidan Makama bai fi ƙarfin sa'a guda ba. In kun dawo ku dubi garuruwanku da irin wannan ido, ku tambayi dattawa inda tsohuwar ganuwa ta bi, da inda marina da maƙera su ke a da, ku rubuta ku ajiye tun masu sanin suna da rai.

Gani ya kori ji. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su gida lafiya, amin.